Matafiyi, kada ka bar na'urarka gida

Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci ciwo ne. Maƙogwaro ke toshewa, mutum ya wayi gari a gajiye, ya yi ta gyangyaɗi bisa tuƙi. Na'urar CPAP tana hura iska ta hanci, ta buɗe hanyar.

A ganinmu, direba mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kotonu ya zaɓi ƙarama, mai aiki da batir ko wutar mota, don ba kowane masauki ke da lantarki ba. Ya riƙe matatar iska ta canji saboda ƙurar hunturu. Kada ya saya da ka, likita ke auna ƙarfin iskar da ya dace da shi. Na'urar da aka bari gida ba ta hana hatsari a hanya.