Filin Kiwon Lafiya: Ciwon Ƙoda ga Yara da Wasan Salula

Filin kiwon lafiya na wannan wata yana magana bisa ciwon ƙoda ga yara, da yadda wasa yake taimakon yaro ya riƙe dokar likita. Maganar ta shafi manomi da makiyayi, daga Madawa zuwa Buza har Keita.

Mene ne aikin ƙoda?

Kowane mutum yana da ƙoda 2. Suna can baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Girman kowace kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinsu tace jini, kamar yadda mace take tace ruwan rijiya da ƙyalle mai tsabta. Dauɗa da ruwan da ya yi yawa su fita cikin fitsari, abu mai amfani ya koma cikin jini. Ga babban mutum, ƙoda suna tace wajen lita 180 kowace rana, wato jarka 9 masu lita 20. Amma fitsarin da yake fita wajen lita ɗaya da rabi ne kawai.

In ƙoda ta kasa, ruwa da gishiri da dauɗa sai su taru cikin jiki. In rashin ƙarfin ya wuce wata 3, masana suna kiran shi ciwon ƙoda mai daɗewa. Irin wannan ba a gama shi da allura guda. Ana lallaɓa shi ne shekara da shekaru.

Me yake ɓata ƙodar yaro?

Akwai yaran da ake haifa da ƙoda mai rauni. Amma sau da yawa ciwon yana biyo bayan cututtukan da kowa ya sani cikin karkara. Ga su: masassarar cizon sauro mai tsanani, zawo da amai da suke ƙarar da ruwan jiki, ƙazuwa da ƙuraje masu ruwa da aka bari babu magani, amosanin jini, da tsargiya, wadda yaro yake ɗauka wajen wanka cikin tabki ko gulbi ko bakin madatsar ruwa. Madatsun da aka gina cikin ƙasar Keita tun daga 1984 sun kawo albarkar noman rani. Amma ruwan kwance gidan katantanwa ne, ita kuwa katantanwa ita ce mai raino ƙwayar tsargiya. Yaron da yake fitsarin jini ba girma ya yi ba, ciwo ne gare shi, kuma akwai maganinsa gidan likita.

Sai maganin ƴan talla. A Najeriya, tsakanin 2008 da 2009, yara 84 suka rasu bayan sun sha wani maganin haƙori mai suna My Pikin. A Gambiya, cikin 2022, yara wajen 70 suka rasu bayan shan maganin tari na ruwa. Duka biyun guba ce ta shiga cikin maganin, ta kashe ƙoda. Haka kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna cutar ƙodar yaron da zawo ya ƙarar da ruwan jikinsa. Maganin da ya sha rana bisa tire cikin kasuwa ba na yaro ba ne.

Alamomi

Kumburin ido da fuska da safe. Kumburin ƙafa da ciki. Fitsari mai kumfa, ko mai launin jan shayi, ko fitsari kaɗan ƙwarai. Kasala, rashin cin abinci, da rashin girma. Tamowa ita ma tana kumbura ƙafa, saboda haka ido kaɗai ba ya rarrabewa. A kai yaro gidan likita. Akwai wata ƴar takarda da ake tsomawa cikin fitsari, launinta ya sauya nan take, ta nuna ko ƙoda tana yoyo. A auna hawan jininsa kuma, domin yaro ma yana samun hawan jini. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin gidan likita, za a tura shi asibitin Madawa, ko Buza, ko Keita, ko Galmi, ko babban asibitin Tawa.

Yara da yawa masu kumburi suna warwarewa da ƙwayar da ake sha makonni a jere. Amma in ƙoda ta mutu ɗungum, sai wankin ƙoda da na'ura, sau 2 ko 3 kowane mako, kowane zama wajen awa 4. Ana yin shi asibitin Lamorde a Yamai da babban asibitin Damagaram. Daga Madawa zuwa Yamai wajen kilomita 500 ne. Maigida ya yi lissafin kuɗin mota, da masauki, da gonar da za a bari babu noma, da bisashen da za a saida. Riga-kafi ya fi magani.

Inda wasa ya shigo

Dokar mai ciwon ƙoda tana da wuya ko ga babba. Shan magani kullum bisa lokaci. Rage gishiri. Komawa awo ranar da aka ce. Wani yaron har ruwan sha sai an auna mishi. Yaro ɗan shekara 7 bai san gobe ba. Ya ga ƴan'uwansa suna cin ƙuli-ƙuli da yaji mai gishiri, shi an hana shi. Faɗa da bulala ba su sa shi ya gane, sai dai ya koyi ɓoye ƙwaya ƙarƙashin tabarma.

Shi ya sa masana a ƙasashen waje suka nemi dabara ta hanyar wasa. Cikin 2006, wata ƙungiya a Amurka mai suna HopeLab ta fito da wasan kwamfuta mai suna Re-Mission, domin matasa masu ciwon daji. Cikin wasan, mai wasa yana tuƙa wani ɗan mutum-mutumi cikin jiki, yana yaƙar ƙwayoyin cuta. An gwada shi ga marasa lafiya 375 a Amurka da Kanada da Ostiraliya. Sakamakon da aka buga cikin 2008 ya nuna waɗanda suka yi wasan sun fi sanin ciwonsu, sun fi riƙe shan magani. Cikin 2013 aka fito da kashi na 2, wanda ake yi cikin salula.

Bisa wannan hanya aka shirya wasanni domin yara masu ciwon ƙoda. Yaro yana samun wani ɗan aboki cikin salula mai ciwo irin nasa. Shi zai zaɓa mishi abinci, ya ba shi magani, ya kai shi awo. In ya ba shi abinci mai gishiri, abokin ya kumbura. In ya kula da shi, ya samu tauraro. Da haka wanda ake yi wa doka ya koma mai yin doka. Abin da yaro ya koya wa abokinsa, yana saurin yi wa kansa.

Amma yawancin wasannin nan da harsunan Turawa suke. Abincin da suke nunawa ba tuwo ba ne, ba fura ba ce. Suna son babbar salula, da caji, da kuɗin intanet. Kuma wasa ba magani ba ne. Abin ɗauka shi ne dabarar, ita kuwa ba ta son ko dala.

Dabaru 5 na gida

1. Dara. Gurbin dara 30 ne, kwanakin wata ma 30. A haƙa gurabun cikin inuwa, ko a zana su bisa kwali. Duk ranar da yaro ya sha maganinsa, shi da hannunsa zai sa tsakuwa guda. Layi ya cika, a yi mishi tukwici da tatsuniya ko goyo bisa jaki. Gurbin da ya zauna wayam yana faɗa wa uwa gaskiya.

2. Ƙararrawar salula. Ko ƙaramar salula tana da ita. A sa ta bisa lokacin magani, a bar yaro ya zaɓi kukan da yake so. Inda babu salula, a ɗaura magani da lokacin salla.

3. Ƴar tsana. Yaro ya yi ta da laka ko kara, ya zama lokotoronta. Kafin ya sha nasa, ya ba ta nata da ƙwayar hatsi. Maganin gaske kuwa yana hannun babba, an rataye shi nesa da yara.

4. Kacici-kacici. Da dare a jera sunayen abinci, yara su faɗi mai gishiri da marar gishiri. Dunƙulen magi, kanwa, kilishi, kifin gwangwani, duk gishiri ne. Albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Na yaro bai kai haka ba. In gida duka ya rage, yaro ba zai ga an ware shi ba.

5. Moɗa da tsakuwa. In lokotoro ya ƙayyade ruwa, a aje tsakuwa daidai yawan moɗar da aka yarda. Ya sha guda, ya ɗauke guda. A kula ƙwarai: ba kowane mai ciwon ƙoda ake rage wa ruwa ba. Lokotoro kaɗai yake yanke wannan. Yaro mai lafiya da yake bin awaki cikin zafin bazara, a cika mishi gora.

Aikin wanda ya yi yaƙi da jahilci

Nan karatu yake biyan mai shi. A samu littafi guda. A rubuta rana, da maganin da aka sha, da launin fitsari, da kumburi in akwai. A tafi da shi kowane awo. Mai salula mai hoto ya ɗauki fuskar yaro da safe, domin kumburin ido yakan saɓe kafin a isa gidan likita. Ko yaro ya ji sauƙi, kada a tsaida magani sai da izinin lokotoro, domin tsaida shi farat ɗaya yana maido da ciwo. Kada a haɗa mishi da sassaƙe ko jiƙo, ƙoda mai rauni ba ta iya fidda su.

Ga sauran yara kuwa, a kwana cikin gidan sauro. Tun 2013 ake rabon maganin riga-kafin masassara ga ƙananan yara lokacin damina cikin Madawa da Buza. A karɓa, a ba da shi har ya cika. Zawo ya kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na gidan likita tun da wuri. A wanke ƙuraje da sabulu, a kai su a duba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa, a dandali ko bakin rijiya. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya zuri'a.