Daga Gaban Allo: Wa Zai Koya wa 'Ya'yanmu Darasin Addini a Sukul?

Duk shekara idan lokacin cika fom na shiga jami'a ya zo, akwai maganar da ba ta rasa tasowa a zangunanmu. Yaron da ya ce zai karanta likitanci ko aikin lauya, sai a yi ta sa masa albarka. Amma da zarar ya ce ya zaɓi nazarin addinai ko falsafa a Legon ko Cape Coast, sai fuskar uba ta canza. Wani ya ce, "Addinin da muka gada za ka je wajen 'yan boko ka koyo?" Wani kuma ya ce ai falsafa ƙofar kafirci ce. To, mu da muke tsaye gaban allo muna ganin abin da wannan ƙyama take jawo mana.

Mu fara da ƙananan makarantu. Akwai darasin Addini da Tarbiyya, wanda yara suke kira RME, da ake koyarwa daga firamare har ƙaramar sakandare. A cikinsa ana karanta Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya, kuma ɗan Musulmi da ɗan Kirista duk aji ɗaya suke zama su saurara. A gyaran ilimi na shekarar 2007 an cire shi daga jerin darussa, shugabannin addini suka yi ca, har Shugaba Kufuor ya ba da umurnin a maido shi a 2008. Mun yi murna a lokacin. Abin da ba mu tsaya muka tambayi kanmu ba shi ne, wa zai riƙe alli ya koyar da shi?

Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kashi 19.9 cikin ɗari na mutanen Gana, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Amma a makarantu da yawa malamin da ke bayyana wa yara ma'anar zakka da hijira da azumi, mutum ne da bai taɓa shiga masallaci ba, abin da ya sani shi ne abin da littafin manhaja ya faɗa. Ba laifinsa ba ne, yana yin iyakar ƙoƙarinsa. Shi ya je ya karanta, ya sami takardar da Hukumar Ilimi take nema. Namu yaran da suka sauke Alƙur'ani, suka karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, mu ne muka hana su bin wannan layi. Tun 1987 gwamnati ta kafa Sashen Ilimin Musulunci, makarantunmu na Turanci da Larabci suka shiga ƙarƙashinsa, gwamnati ke biyan malaman da ta tura. Amma ba ta tura sai mai takarda.

Ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Malam a zaure yana koya maka addini don ka yi imani ka yi aiki da shi. Malamin jami'a kuwa ba wannan ne aikinsa ba. Shi yana tambaya ne, yaushe Musulunci ya iso Gonja da Dagomba, ta hannun su wa, me ya sa Tijjaniyya ta yi ƙarfi a wannan gari, yaya Musulmi suka zauna da Sarkin Asante a Kumasi ba tare da sun bar addininsu ba. Ba ya ce maka ka yarda ko kada ka yarda, sai dai ya ce kawo hujjarka, ka nuna inda ka samo ta. Wannan ba ya maye gurbin zauren malam, haka zauren malam ba ya maye gurbinsa.

Game da falsafa kuwa, nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin masu cewa baƙuwa ce a wajenmu sun manta da abin da ke cikin gafakar kakanninsu. Shi wannan Ahalari da muka haddace muna yara, mawallafinsa Shaihu Abdurrahman al-Ahdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma ya tsara littafin Sullamu a kan manɗiƙi, wato ilimin gane hujja mai kyau daga maras kyau, wanda asalinsa daga Girkawa ya fito. Hannun da ya rubuta mana hukuncin alwala da ƙabli da ba'adi, shi ya rubuta wancan. Shaihu Magili ma, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sai da suka yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar a kan wannan ilimi. Suyuɗi ya haramta shi, Magili ya kāre shi, yana mai ganin cewa gaskiya ba ta ɓaci don ta biyo ta hannun wanda ba Musulmi ba. Dukansu biyu manyan malamai ne, kuma har yau muna karanta littattafansu.

Masu kafa hujja da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, gaskiya ne ya rubuta littafi sukutum yana rusa maganganun masana falsafa, har ya kafirta su a kan mas'aloli uku. Amma sai da ya zauna ya karance su tsaf kafin ya ɗauki alƙalami, kuma manɗiƙinsu bai jefar ba, da shi ya yaƙe su. Wanda ya mayar masa da martani kuwa, Ibn Rushdi, alƙali ne na Malikiyya a Ƙurɗuba, mazhabar da muke bi. Ashe gardamar ta cikin gida ce, ba Bature ne ya kawo mana ita ba.

Ba mu ce tsoron iyaye ba shi da tushe ba. Yaron da bai sami karatun zaure ba, aka tura shi aji inda za a ce masa ya kawo hujjar samuwar Allah, ko a tambaye shi ko abu yana zama mai kyau ne don an yi umurni da shi, ko kuwa an yi umurni da shi ne don yana da kyau, lalle zai iya rikicewa. Amma wannan tambaya ma malaman tauhidi sun yi ta tun zamanin Ash'ariyya da Mu'utazila. Kuma yanzu ba sai yaro ya je Legon ba kafin ya gamu da ita, tana cikin wayar da ke aljihunsa, babu malami kusa. Gara ya gamu da ita a aji, ya dawo hutu ya kai ta gaban malaminsa na zaure. Malamanmu su ma sai su yi haƙuri da tambaya, kada a ce wa yaro ya fita daga addini don kawai ya ce "me ya sa?"

Sauran 'yan ƙasa ba su tsaya jiranmu ba. Marigayi Kwasi Wiredu da marigayi Kwame Gyekye sun ɗauki karin magana da tunanin Akan suka mai da su abin nazari, har ana karanta su a jami'o'in Amurka da Ingila. Mu ma muna da kalmomin da suka cancanci wannan hidima. Mene ne bambancin kunya da kara? Me ya sa muke cewa wane ba shi da mutunci alhali yana salla? Wannan shi ne ilimin ɗabi'a, ba wani abu ba.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ainihin abin da ke zuciyar iyaye da yawa. Ba za mu ruɗe ku ba, mafi yawan masu wannan digiri koyarwa suke yi, albashin malami kuwa kowa ya san shi. Wanda ya ci gaba yakan zama malamin jami'a ko mai tsara manhaja, wato mai yanke abin da za a rubuta game da Musulunci a littafin da miliyoyin yara za su karanta.

Akwai kuma aikin da ke jiran irin yaranmu musamman. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami daga malaman ƙasar nan, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete Karachi, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga, ya rasu a 1934. Mai karanta su sai ya iya Larabci, ya iya Hausa, ya saba da rubutun warash, sannan ya san hanyar bincike ta jami'a. Uku na farko yaron zango ya riga ya same su a zaure kyauta. Na huɗun ne yake neman izininku, iyaye, ya je ya koyo.