TANDAR WAINA DA TANDAR KWANGILA

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Funtua da Malumfashi, tanda iri biyu muka sani a ƙasar nan. Akwai tandar mai waina, wadda ake girkawa a bakin kasuwa, kowa yana ganin ƙullun da aka zuba da man da aka ɗiga, in ta ƙone kuwa ba mai saye. Sa'an nan akwai tandar kwangila, watau takardar da ɗan kwangila ke rubuta farashinsa ya jefa cikin akwati don neman aikin gwamnati. Ta fari ana suyarta da rana tsaka. Ta biyu kuwa, tun da muke, sai dai mu ji ƙanshi. A kan wannan ta biyun za mu yi magana yau, gama da ita ake gina ɗakunan da 'ya'yanmu ke zama a ciki.

Akwai wani ƙauye a kan hanyar Bakori inda muke da 'yan jam'iyya. Wata safiya mutane suka tashi suka ga mota ta juye yashi a filin makaranta. Ba wanda ya san wanda ya ba da aikin, ko nawa aka ba da shi, ko ɗaki nawa za a yi. Hedimasta da kansa bai sani ba. Aka yi gini, aka shafa fenti mai kyau, aka ɗauki hoto. Damina biyu ba ta cika ba iskar farkon ruwa ta naɗe kwanon kamar tabarma ta jefar cikin gonar dawa. Daɓen ya fashe, gara ta cinye katakon. Yara suka koma gindin bedi. Da iyaye suka nemi wanda za su riƙe, sai aka rasa ko sunansa. Wanda duk ya zaga Ɗandume, Ƙafur, Ɗanja ko Faskari ya san ba mu faɗi sabon abu ba.

In ka yi magana sai a ce maka, ina ruwanka, kuɗin gwamnati ne. Wannan magana tsohuwa ce, iyayenmu ma sun ji ta. Zamanin En'e ana karɓar haraji da jangali a kai baitulmali, talaka ya ɗauko ƙasa da azara a ka, ba shi da bakin tambayar inda kuɗin suka shiga. A kan irin wannan ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna cikin Agusta 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e, a watan nan kuma aka kafa NEPU a Kano. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a jihar Kaduna, wadda Funtua ke cikinta har 1987 da aka yanke jihar Katsina. To, an daina bin mu gida gida, amma biya bai tsaya ba. Mai rumfa na biyan kuɗin rumfa, mai lodin masara na yankar rasit, wanda ya sayi atamfa ko buhun siminti kuwa ya biya harajin kaya, kashi 7.5 cikin 100 tun 2020, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka kuɗin makaranta kuɗinmu ne, mahukunta dillalai ne kawai da muka aika.

Ga yadda kuɗin ke tahowa. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce a ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya a ba hukumar UBEC a Abuja. Jiha ba ta samun rabonta na gini sai ta ajiye nata daidai da shi. In an haɗa, hukumar SUBEB ta jiha ita ke ba da aikin gina firamare da ƙaramar sakandare da gyaransu. Ban da wannan akwai shirin AGILE na karatun 'yan mata da aka amince da shi a 2020, Katsina tana cikin jihohi 7 na farko. Kuɗinsa kuwa rance ne daga Bankin Duniya. Yaran da ke zaune a ƙasa yau su za su biya shi in sun girma.

Ku 'yan kasuwa, ku yi mana hukunci da ilminku. In ka aiki dillali ya sayo maka buhu 100 na masara a Ɗandume, ya dawo ya ce ya saya wurin surukinsa, bai taya ko'ina ba, bai buɗe bakin buhu ba, ba kuma zai gaya maka farashi ba, za ka sake aikensa? Manomin auduga ma ba ya yarda a ɗora kayansa bisa sikeli yana baya. Tanda ba wani abu ba ce illa tayi: a faɗi aikin da ake so, masu iyawa su taya, a sallama wa wanda ya fi sauƙi cikin waɗanda suka isa. Abin da ba haka ba cinikin biri a sama ne.

Abin takaici shi ne doka tana nan, ba mu muka ƙago ba. Ɗan jihar nan ne ma ya sa mata hannu, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, cikin Yuni 2007. Dokar ta ce hanyar ba da kwangila ita ce gasa a fili. A liƙa sanarwa a allon ofis, a buga a jaridu biyu ko fi. A rufe tanda cikin ambulan, a buɗe ta gaban jama'a, a karanta sunan kowane mai nema da farashinsa da ƙarfi. A gayyato masu sa ido biyu daga waje. Ta hana daddatsa aiki don a kauce wa gasa, ta hana haɗa baki tsakanin masu nema. Ma'aikacin da aka kama da karya ta, ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, ga kora daga aiki. Ta kuma ce ta hau kan duk aikin da kashi 35 na kuɗinsa ko fi suka fito daga aljihun Tarayya. Aikin UBEC kuwa rabi ne cur. Jihar Katsina ma tana da tata dokar da ofishin kula da ba da kwangila. Ashe ba rashin doka ke damunmu ba.

To, ta ina ruwa ke shiga? Magina da kafintocin garin nan sun fi mu sani. Mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani uku, ɗaya da sunansa, ɗaya da na ƙanensa, ɗaya da na yaron shagonsa, su jefa tanda uku, a ce an yi gasa. Ko a buga sanarwa da Turanci a jaridar da ba ta zuwa Malumfashi. Ko a ba ɗan kwangilar jaka, wanda ba shi da ko shebur, don ya yi wahala lokacin zaɓe. Shi kuwa ya karɓi kafin alƙalami, wanda dokar 2007 ta tsayar kashi 15, gyaran 2020 ya kai shi 30, ya cire nasa, ya sayar da takardar ga wani, wanin ya sayar wa wani. Kafin aiki ya iso hannun magini kuɗin sun rame. Daga nan sai buhun simintin da magina ke cewa bulo 30 da 'yan kai ya kamata ya fitar a matsa shi ya fitar da 60, a sa kwano mai kaurin takarda, a kafa ɗanyen katako ba magani. Mai duba aiki ya zo ya tsaya bakin mota, ya sa hannu. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Mun san amsoshinsu. Za su ce gyara gaggawa ne, in aka tsaya tanda yara za su sha ruwa. Jama'a, damina baƙuwa ce a Funtua? Rufin da ya ɗaye a watan Mayu yana nan a buɗe har kaka, har rani. Wanda ya yi wata tara bai motsa ba, ba shi da bakin kiran gaggawa. Za su ce araha ba ta ado, mai ƙaramin farashi shi ke ɓata aiki. Gaskiya ne, shi ya sa doka ba ta ce a ba mai araha kurum ba, ta ce mai araha cikin waɗanda suka cika sharaɗi. Mu kuma tambaye su: ginin da ya rushe, da araha aka ba da shi? Su fito da takarda mu gani. Magana guda ce muka yarda tana da nauyi, watau tarin takardun da ake nema, na rajista da na haraji da sauransu, sun fi ƙarfin ƙaramin magini. Maganin wannan shi ne a sauƙaƙa sharaɗin ƙananan gyare-gyare a fili, yadda kafintan unguwa zai iya tayawa. Shi in ya ɓata aiki, kullum ana haɗuwa da shi a masallaci.

Don haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, kowane aikin makaranta a liƙa sanarwarsa da Hausa, boko da ajami, a ƙofar makarantar da sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma faɗa a rediyo. Na biyu, ranar buɗe tanda a zaunar da wakilan kwamitin iyaye na makarantar, watau SBMC, su ji da kunnensu. Na uku, a kafa allo a wurin aiki ɗauke da sunan kamfani, da kuɗin, da yawan ɗakuna, da ranar gamawa. Na huɗu, a ba hedimasta da kwamitin kwafin takardar awon kaya, don su san kaurin kwano da yawan rodin da aka biya. Na biyar, kada a biya cikon kuɗi sai kwamitin ya sa hannu, a kuma riƙe wani kaso har damina ɗaya ta wuce bisa rufin. Na shida, a hana sayar da kwangila, wanda ya gudu ya bar aiki kuwa a buga sunansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau nawa aka kira taron iyaye muka ce kasuwa ta hana? Sau nawa muka yi wa ɗan kwangila kirari don ya raba atamfa? Kuma wannan ma'auni da shi za ku auna mu. Ran da Allah ya ba jam'iyyarmu mulki, ɗan jam'iyyar da ya zo neman kwangila ta bayan gida ku kawo mana wannan jarida ku karanta mana ita.

Kafin ranar, kowane reshe ya zaɓi mutum uku, da mace a ciki, su zaga makarantun mazaɓarsu, su rubuta ɗakin da ba rufi da aikin da aka bari, su kawo ofis. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukuma ya nemi takardun aiki, a amsa masa cikin kwana 7. Wanda bai iya rubutu ba ya zo, za mu rubuta masa kyauta. Ku tafi da ladabi, ba zagi, ba jifa, tambaya uku kawai: wa aka ba, nawa aka ba shi, su wa suka taya tare da shi?

Allah ya ba talaka sawaba, amin.

Magatakardan Reshe, Funtua