Wanda Ba A Tafa Wa

Ran bikin ba da kyaututtuka na bara, bayan an tashi daga wasan kwaikwayo, mahaifina ya same ni a bakin ɗakin cin abinci ina naɗe tabarmi. Ya taso tun daga garinmu, tafiyar awa 3 a mota, domin na aika masa cewa ina cikin wasan. Ya dube ni ya ce, "Kai, na zauna tun daga fari har ƙarshe. Na ga alƙali, na ga ɗan sanda, har wanda ya fito a jaki na gani, amma ban gan ka ba. Ina ka shiga?" Na durƙusa na ce, "Baba, ai ina bayan labule." Ya ce, "Kana yin me?" Na rasa ta cewa, gama babu kome hannuna sai tabarma da wani tsohon littafi da guntun fensir. Ya girgiza kai, ya ce shi dai karatu ya turo ni, ba dako ba.

To, wannan tambaya ta Baba ita nake so in amsa yau, ba dominsa kaɗai ba, har da sauran iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai. Ra'ayina shi ne, aikin mai kula da dandamali ba aikin wanda ya kasa wasa ba ne. Ilmi ne mai zaman kansa, kuma ya kamata makarantarmu ta ɗauke shi da daraja, ta riƙa koyar da shi, tun kafin ya mutu a hannunmu.

Ni ma da fari raina shi na yi. Sa'ad da na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ina aji huɗu, alƙali na so in fito. Aka gwada ni, sai aka tarar muryata ba ta wuce benci na uku. Malamin Hausa, wanda shi ke shugabantar ƙungiyar, ya miƙo mini littafin rubutu da fensir ya ce, "Daga yau kai ne mai kula da dandamali." Abokaina suka fashe da dariya, nan take suka laƙaba mini Sarkin Dako. Na karɓa dai don kunyar Malam, amma a raina na ce an kore ni ne cikin dabara.

Saboda wannan raini ne na sha kunya a wasanmu na farko, wanda muka yi wa ɗalibai wani daren Asabar. Malam ne ya rubuta shi, kuma duk labarin ya rataya ne a kan wata takardar sayen gona da za a miƙa wa alƙali a fitowa ta ƙarshe. Aka zo wurin, alƙali ya miƙa hannu, mai ƙara ya laluba aljihu, babu takarda. Ashe tana can ɗakin kwana cikin aljihun wata riga. Aka yi tsit, sa'an nan wani daga baya ya yi shewa, ɗaki duka ya ɗauka. Aikin mako 6 ya tashi a banza. Washegari Malam bai dake ni ba, bai kuma zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi mana: wa ya ga takardar nan da idonsa kafin a buɗe labule? Babu ko ɗaya. Kowa ya ɗauka wani ya duba. Malam ya juyo gare ni ya ce, "To, wanin nan da kowa ke dogara da shi, kai ne."

Daga ranar na zauna na koyi aikin sosai. Bari in ɗan bayyana shi, don masu cewa kowa ma zai iya.

Abu na farko shi ne kundin wasa. Akan manna kowane shafi na wasan a gefe ɗaya na babban littafi, a bar ɗaya gefen fari. A farin nan ne ake zana dandamali, a rubuta ta inda kowane ɗan wasa zai shigo, inda zai tsaya, da kalmar da za a faɗa kafin ya zauna ko ya fita. Da fensir ake rubutawa, ba da biro ba, domin Malam yakan sake shawara a wurin gwaji sau uku a yini. Akwai ma wata ƙa'ida da ta ruɗa ni da fari, watau dama da hagu na dandamali na ɗan wasa ne sa'ad da ya fuskanci jama'a, ba na 'yan kallo ba. Wanda ya taɓa karanta Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda aka buga a 1960, ko Uwar Gulma na Mohammed Sada na 1968, ya san marubuci yakan ba da magana ne da ɗan taƙaitaccen umurni. Ba zai gaya maka faɗin ɗakin cin abincinku ba, ko tebur nawa za ku haɗa ku ɗaure da igiya su zama dandamali, ko wa zai kawar da kujerar alƙali kafin a koma tsakar gida. Wannan duka sai kundi.

Abu na biyu shi ne alamu. Buɗe labule, kashe fitila, kaɗa ganga, buga ƙofa, kowanne yana da lambarsa cikin kundi. Kuma kowace alama sau biyu ake ba da ita. Da fari in raɗa wa mai labule "shirya", in lokaci ya yi in ce "yanzu". In ka haɗa su wuri ɗaya, sai ka ga labule ya rufe alhali mutum bai gama mutuwa ba.

Abu na uku shi ne kayan wasa. Tun daga abin da ya faru da takardar nan, nakan ajiye tebur ɗaya bayan labule, in zazzana shi gida-gida da alli, in rubuta sunan kowane abu a gidansa: buta, carbi, sanda, ƙwarya, takarda. Duban farko in na ga gidan da ba kome, na san abin da ya ɓace tun da sauran lokaci. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin kayan nan kuwa na aro ne. Tun da yake makarantarmu ta maza ce, mu ke fitowa a mata, saboda haka zane da ɗankwali da gyale daga wurin matan malamanmu muke karɓowa. A wasan bara abu 27 na aro, na rubuta kowanne da sunan mai shi, na mayar da su wankakku gogaggu cikin kwana 2. Da gyale ɗaya ya yage, da ba mu sake samun ko tsumma a gidajen malamai ba.

Abu na huɗu shi ne lokaci. Malam, wanda ya karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gaya mana yadda ake yi a gidajen wasa na Ingila. Can ana kiran 'yan wasa tun saura minti 35 a fara, a sake kira saura 20, da saura 10, sa'an nan saura minti 5 duk masu fitowar farko su tsaya a wurarensu. Mu ma haka muka ɗauka. Amma fa a nan ne wuyar take, domin ɗan aji huɗu ya ce wa ɗan aji shida ya yi shiru ko ya yi sauri, kowa ya san abin da kan biyo baya a makarantar kwana. Sai da na koyi cewa, "Siniya, don Allah saura minti 5," da murya mai taushi, in kuma tsaya nan ban gusa ba har ya tashi. Ban taɓa samun darasin da ya koya mini haɗa ladabi da tsayawa kan magana kamar wannan ba.

Yanzu bari in koma ran da Baba ya zo. Abin da bai sani ba, da shi da sauran baƙi, shi ne yaron da zai fito a uwar gida ya kwana da zazzaɓi, gari ya waye yana kwance a ɗakin shan magani. Malam kuwa yana can wajen tarbar baƙi. Na ɗauki kundi, na jawo wani ɗan aji uku da ya saba zama yana kallon gwaji har ya hardace rabin maganar, muka shiga ɗaki. Cikin awa 2 na bi da shi ko'ina, nan za ki shigo, nan za ki ajiye ƙwarya, nan za ki juya baya. Da aka fara na tsuguna kusa da labule da kundi a cinyata, sau 4 ya kakare, sau 4 na raɗa masa. Aka gama, aka yi ta tafi, ba wanda ya lura. Watau abin da ya sa Baba bai gan ni ba shi ne aikin ya yi kyau. Mai kula da dandamali, ran da jama'a suka san da shi, to ranar ce abu ya ɓaci.

Na san akwai masu suka, kuma ba zan ce duk maganarsu banza ce ba. Wasu iyaye na cewa abin yana cin lokacin karatu. Gaskiya ne, yana ci. A zangon da na fara, makina na lissafi ya faɗi, domin ni ke fara zuwa wurin gwaji in share, ni ke barinsa daga ƙarshe. Amma maganin wannan shi ne tsari, ba hani ba. Da na ga haka sai na yi wa kaina jadawali irin wanda nake yi wa 'yan wasa, muka kuma roƙi Malam aka tsai da gwaji kwana 3 a mako, ba ya shiga lokacin karatun dare. Zango na biye makin ya komo, har ya ɗara na da. Yaron da ya iya lissafta abu 27 ya mayar ba ɗaya da ya ɓata, ba zai manta da ranar ba da aikin gida ba.

Wasu kuma, musamman cikin ɗalibai, suna cewa ai ba fasaha a ciki, ɗan wasa ne ke da baiwa. Ban musa baiwar 'yan wasa ba. Ba mai jin sunan Ƙasimu Yero ko Samanja ya ce abin da suka yi ƙarami ne, ni kuwa na san muryata ba za ta kai ni can ba. Sai dai ku tuna da tashen da muka yi muna yara cikin watan azumi. Kafin a fita Tsoho da Gemu, lalle akwai wanda ya samo auduga da tsohuwar riga da sanda, ya riƙe fitila, ya kuma adana abin da aka samu har a raba. In ya yi fushi ya tafi gida, tashen daren nan ya mutu. Ashe aikin nan ba baƙo ba ne gare mu, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, zango mai zuwa zan shiga aji shida, kuma dokar makaranta ce 'yan aji shida su ajiye ayyukan ƙungiya su fuskanci jarrabawar fita. Sau biyu Malam ya yi cigiyar wanda zai gaje ni. Masu son fitowa a alƙali sun kai 15, mai son kundi ko ɗaya babu. Ban ga laifinsu ba. Kowace shekara ana kiran gwanin 'yan wasa a miƙa masa kyauta gaban iyaye, mu na bayan labule kuwa, da mai fitila da mai ganga da masu jan igiya, ko sunanmu ba a ambata. Yara suna da ido, sun ga kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. In aka ci gaba a haka, baɗi za a koma inda aka fito, kowa ya ɗauka wani ya duba.

Saboda haka ina roƙon abu uku, ba kuwa mai tsada a cikinsu. Na ɗaya, ina roƙon Shugaban Makaranta, Allah ya ƙara masa girma, ya sa a riƙa karanta sunayen ma'aikatan bayan labule ran biki, a kuma ware musu kyauta ko da littafi ɗaya ne. Na biyu, a ba ƙungiya akwati mai kwaɗo a ɗakin ajiya, inda kundi da labule da igiyoyi za su zauna, domin yanzu a ƙarƙashin gadona suke, ɓeraye sun riga sun ɗanɗana fitowa ta biyu. Na uku, a kafa doka cewa kowane mai kula da dandamali ya ɗauki mataimaki daga ƙananan azuzuwa, su yi shekara guda tare kafin ya miƙa masa. Ni abin da na koya da kunya gaban ɗalibai duka, ba na so wani ya koye shi ta wannan hanya.

Ku kuma iyayenmu, in kun zo biki kuka ga ɗanku bai fito ba, kada ku yi saurin cewa ya yi zaman banza. Ku tambaye shi ya nuna muku abin da ya riƙe. Da na je hutu na ɗauki kundin nan na kai wa Baba. Ya sa tabarau, ya yi ta buɗawa shafi-shafi har ya iso kan jerin kayan aro, inda kowane suna ke da alamar an mayar. Bai ce na kyauta ba, don ba halinsa ba ne. Amma da za a yi bikin yayata, ni ya kira ya ba littafi, ya ce in rubuta tabarmi da tukwane da kujerun da za a aro a unguwa.

Ga kundi nan, ga fensir. Duk ɗan aji biyu ko uku da ke so, ya same ni a ɗakin cin abinci ran Laraba bayan la'asar. Ba a bukatar murya, sai dai ya zo da wuri.

Daga wani ɗan aji biyar