Masaukin Baƙi a Aujara Ba Sai Ya Jira Wutar Nepa Ba

A tsibirin Fogo na ƙasar Cape Verde, can cikin tekun Atlantika yamma da Senegal, akwai mutanen da ke zaune a cikin kwarin wani dutse mai aman wuta, wurin da ake kira Chã das Caldeiras. A watan Nuwamba na 2014 dutsen ya yi aman wuta, narkakken dutse ya malalo ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira. Gwamnati ta kwashe mutane zuwa wasu garuruwa, amma ba a daɗe ba suka fara komawa suna sake gini da baƙin dutsen da ya cinye musu gidaje. Ban da gonakinsu na inabi, abin da ya mayar da su shi ne baƙi. Mutane na tasowa daga Turai don su hau ƙololuwar dutsen mai tsayin mita 2,829, su kwana a ƙananan ɗakunan da iyalan wurin suka gina, su ci girkin gidan, ɗan gari ya yi musu jagora. Yawancin ruwan da suke amfani da shi na sama ne da aka tara, wutarsu kuma ta sola ce ko ta ƙaramin inji. Haka abin yake a gundumar Puna ta babban tsibirin Hawai, inda dutsen Kilauea ya cinye gidaje fiye da 700 a 2018, amma har gobe ana biyan dala a kwana a ɗakin katako wanda babu falwaya ko bututun gwamnati da ya isa gare shi.

Ra'ayina shi ne garuruwan tsakiyar Jigawa, irin su Aujara ta ƙaramar hukumar Jahun, sun fi waɗannan tsibirai buƙatar irin wannan masauki, kuma suna da abin gina shi a hannu. Ina nufin gida mai ɗakuna huɗu zuwa shida, ginin Hausa, mai wutarsa da ruwansa, mallakar 'yan gari, wanda rarar wutar da ruwan za ta amfani unguwar da yake ciki.

Na san abin da zai fara zuwa ran mai karatu. Zai ce wannan ai cin fuska ne: Bature ya ƙoshi da wuta har ya gundura, shi ya sa yake biyan kuɗi ya ɗanɗana duhu na kwana uku, mu kuwa duhun nan shi ne ya hana ɗalibi karatun dare, shi ke lalata allurar rigakafi a asibitin ƙauye. Maganar tana da nauyi, kuma duk wanda ya ce zai mayar da talaucin mutane abin kallo ya cancanci a tsawata masa. Sai dai ba duhu baƙon yake saye ba. A irin ɗakin nan, in ya danna makunni fitila na kamawa, in ya murɗa famfo ruwa na zubowa, wayarsa na caji, banɗaki tsaf. Mai gidan ya riga ya lissafa yawan wutar da faifan solarsa ke tarawa a yini da yawan ruwan da ke cikin tanki, ya rubuta wa baƙo a takarda ya manna a bango: kashe fanka in za ka fita, kada ka jona hita, taƙaita wanka. Wutar kaɗan ce amma tabbatacciya. Abin da ke damun mu a nan shi ne rashin tabbas, a kawo yau a ɗauke gobe, taransifoma ta ƙone a yi watanni ana karo-karo. Gidan da ya tsara wutarsa daidai ƙarfinsa ya fita daga wannan zullumi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai dogaro da janareta ya san lissafin ba ya fita.

To, wa zai zo? Ba mu da teku, ba mu da dutse mai aman wuta, kuma wanda ya gina ɗaki yana jiran jirgin Turawa ya sauka a Dutse zai daɗe yana jira. Baƙin da nake nufi namu ne, kuma suna zuwa tun yanzu. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman riɗi da zoɓo, kuma da kaka ta yi dillalai da wakilan kamfanoni ke bin kasuwanni irin su Gujungu da Shuwarin da ƙananan kasuwannin ƙauye suna saye. Akwai ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyi masu zagayen rigakafi, akwai malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, masu fita bincike cikin karkara. Akwai 'yan biki da masu ta'aziyya, da ɗan gari mazaunin Abuja ko Legas da ya zo Sallah da iyalinsa ya tarar gidan gado ya cika. Da yawa daga cikin waɗannan da la'asar ta yi sai su kama hanyar Dutse ko Kano, kuɗin kwana da na abinci su bi su. Masu yawon buɗe ido za su biyo baya, domin abin gani akwai shi: zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, duwatsun Dutse da dabinonta, da dausayin Baturiya a Kiri Kasamma, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka da hunturu. Amma a gina sana'ar a kan mai sayen riɗi, mai kallon tsuntsu ya zama ƙari.

Akwai wata damuwa da ba kasafai ake faɗinta a fili ba, kuma ita ce ta fi ƙarfi a zukatan dattawa. A ƙasar Hausa sunan otal ya ɓaci, ana yi masa kallon matattarar baɗala, kuma babu mai unguwar da zai so a buɗe masa irin wannan a bayan gida. Ba na ganin laifinsu. Amsar ita ce saukar baƙo da lada sana'a ce da muka gada tun kafin otal ya zo. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, kowane zango yana da fatoma, mutumin da zai sauki falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Hausawan Sabo a Ibadan sun gina kasuwancin shanu da goro a kan wannan tsari na maigida da baƙinsa. Mutuncin fatoma shi ne jarinsa, shi ya sa ba ya yarda a yi ɓarna a gidansa. Masaukin da ke tsakiyar gari, mai zaure inda ake rubuta sunan baƙo da inda ya fito, mai sashen iyali daban da na maza, wanda mai unguwa da liman suka san mai shi da iyayensa, ya fi kusa da gidan fatoma fiye da otal ɗin bakin titi wanda ba a san mai shi ba. Jihar da ke da Hisbah ba za ta rasa hanyar sa ido a kan gida guda mai ɗakuna shida ba.

Inda aikin zai tsaya ko ya faɗi shi ne ginin. Mai ɗaki a Hawai yana da ruwan sama da ya haura milimita 3,000 a shekara a wajen Hilo, saboda haka rufin kwano da tanki sun ishe shi. Mu daminarmu wata huɗu ce, ruwanmu yana ƙarƙashin ƙasa, rana kuwa Allah ya hore mana. Rijiyar burtsatse mai famfon sola tana cika tankin sama da rana ba tare da batir ba, da dare kuma ruwan ya sauko da kansa. Matsalar tana wajen zafi. Wanda ya yi ɗakin bulo mai rufin kwano, a watan Afrilu dole ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa ta fi komai zuƙe batir, nan take kuɗin sola ya ninka. Magina na gargajiya sun warware wannan tun tuni. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ba ta sake shi sai dare ya raba. Rufin soro na azara, da ɗaurin guga mai ɗaga ɗaki sama, da 'yar taga can kusa da rufi, suna barin iska mai zafi ta fice. Wanda ya taɓa shiga tsohon zaure da azahar a tsakiyar bazara ya san sanyin da ke tarbarsa tun daga bakin ƙofa. Irin wannan ɗaki fanka ɗaya da fitila biyu sun ishe shi, a ajiye randa a inuwa, a dasa darbejiya a tsakar gida. Za a ce ginin ƙasa ba ya jure ruwa, kuma ambaliyar 2022 da ta rushe dubban gidaje a Jigawa ba ta bar wurin musu ba. Gaskiya ne, shi ya sa za a zaɓi tudu, a yi harsashi da dutse da siminti, a sa indararo masu tsawo, a riƙa yaɓe kafin kowace damina. Kuɗin yaɓen na shiga aljihun maginin gari ne, ba na dillalin kayan waje ba.

Sauran abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne rashin mai shi. Jigawa ba baƙuwar sola ba ce. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka haɗa kai da ƙungiyar Solar Electric Light Fund ta Amurka aka kai sola wasu ƙauyuka, ciki har da Ahoto. Amma duk mai bin hanyoyin Arewa ya ga fitilun titi na sola da suka mutu a tsaye, domin babu wanda aljihunsa ke jin zafi in sun mutu. Ƙurar hunturu tana rufe faifan sola sai an riƙa gogewa, zafi yana saurin kashe batir, inbata na buƙatar mai duba ta. Mai masauki zai yi duk wannan, domin ran da fitila ta ƙi kamawa baƙo ba zai dawo ba. Saboda haka bai kamata gwamnati ta gina ta naɗa manaja ba. A bar wa ɗan gari, ko ƙungiyar ci gaban gari, ko ƙungiyar mata masu adashi. Kuma da yake baƙo da dare yake buƙatar wuta, da rana faifan na tara fiye da abin da gidan zai sha. Wannan rarar za ta iya ɗaukar firijin mai ƙanƙara, da keken tela, da shagon caji, famfo ɗaya kuma a fito da shi waje don maƙwabta. Unguwar da ke ɗiban ruwa a jikin katangar gida ita ce za ta fi kowa tsaron faifan da ke kan rufinsa.

Batun tsaro ba a raina shi, ko da yake Jigawa ta fi yawancin maƙwabtanta na Arewa maso Yamma kwanciyar hankali, kuma gida ƙarami a cikin jama'a ya fi wanda aka keɓe a daji aminci. Doka ma ba ta hana ba, domin Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Abin da ake nema daga gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Jahun kaɗan ne: rance mai sauƙi na sayen kayan sola, horar da matasa gyaransu, rajista marar wahala, sannan a umarci ma'aikatan da aka tura aiki karkara su riƙa sauka a irin waɗannan gidaje. Ina kira ga 'yan Aujara masu hali, na gida da na Kano da Abuja, da masu riƙe da sarautar garin, su zauna su fitar da fili a kan tudu, su nemo magini da mai haɗa sola, su fara da ɗakuna huɗu kafin kakar riɗi mai zuwa.