Ilimin na'ura: Daidai ruwa, daidai tsaki

A ƙarshen wata, lokacin biyan albashi da ƙidayar haja, rumbun bayanai na ma'aikata ko na kamfani yakan yi nauyi, wani lokaci ma ya tsaya cak. Masu jira su yi ta jira, shugaba kuwa ya ce a sayo sabuwar kwamfuta. Alhali sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, rabon ƙwaƙwalwarta ne ba a yi daidai ba.

Kwamfuta tana da ma'aji biyu. Faifai kamar sito yake, ga faɗi amma ɗauko kaya da jinkiri. Ƙwaƙwalwar aiki kuwa teburin shago ce, ga sauri amma ba yalwa.

A manhajar PostgreSQL, wadda asalinta aikin Jami'ar Kaliforniya ta Bakli ne tun 1986, ma'auni uku ne ke raba wannan tebur. Na farko shared_buffers, wurin da kowa ke tarayya a cikinsa. Yana zuwa da megabayit 128, amma littafin manhajar ya ba da shawarar a fara da kashi 25 cikin 100 na ƙwaƙwalwa. Na biyu max_connections, yawan masu shiga lokaci guda, galibi 100. Na uku work_mem, mai megabayit 4, kuma nan tarko yake: ba jimilla ba ce, kowane aikin jera bayanai yana iya ɗibar nasa kason.

Ga misali: na'ura mai gigabayit 8, an ware 2 don tarayya, sai ma'aikaci mai neman sauri ya ɗaga work_mem zuwa 64. In mutum 100 suka shiga, kowa da jeri biyu, buƙata ta kai megabayit 12.800, wato ta wuce gigabayit 12. Daga nan na'ura ta koma kwasar kaya zuwa faifai, aiki ya riƙa tafiyar hawainiya. In abin ya ƙi, tsarin Linux ya kashe ɗaya daga manyan masu cin ƙwaƙwalwa, a katse kowa, aikin da ba a kammala ba ya koma farko.

Saboda haka, kafin a fidda kuɗi, sai masani ya duba littafin rahoton na'ura ko akwai alamar wannan kisa. Ya rage masu shiga, ko ya sa PgBouncer ya tsara musu layi. Ya canza ma'auni ɗaya tak, ya rubuta tsohon adadi, ya gwada a ranar cunkoso. In duk an yi haka tebur bai isa ba, to sayen ƙari ya halatta.