Saƙa Da Rini A Jami'a: Nasiha Ga Malamai Da Fatake

Akwai wata magana da ta yawaita a zauruka, watau ta yaron da ya gama sakandare, ya ce zai shiga jami'a ya karanta ilmin tufa: saƙa da rini da zanen atamfa. Sau da yawa uba yakan ɓata rai, ya ce ba za a ƙarar da shekaru da dukiya a kan aikin da ake koya kyauta a karofi ba. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma ba ta cika ba.

Da fari dai, sana'ar nan ba abar rainawa ba ce. Imamu Gazali, cikin Ihya'u, ya lissafa saƙa da ɗinki a farillan kifaya, waɗanda in jama'a duka suka bar su, duka sun yi laifi. Sa'ad da Barth Bajamushe, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar tufar da aka saƙa aka rina a ƙasar tana kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Turkuɗin Kura shi ne adon Buzaye. A birnin Zazzau kuwa malamai da almajirai sun shahara da zana aska takwas a kan riga, da allura suka ci abinci.

To, me ya karya wannan arziki? A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da aka haɗa da magunguna, ba da ganyen baba ba. Masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, saboda ƙarancin lantarki da kayan fasa-ƙwauri, har yau galibin atamfar da ke Kantin Kwari daga ƙetare take zuwa, musamman ƙasar Sin. Watau waɗansu sun yi ilmin abin, sun rinjayi masu gado.

Ilmin nan shi ake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da waɗansu jami'o'i. Ɗalibi yakan fara da zane da hannu, sa'an nan ya koyi halin auduga da siliki, da yadda launi ke kama zare ba ya zuba, da saƙa a babbar masaƙa, da buga zane a kan yadi, da tsara shi a kwamfuta. Marini ya san ruwan baba ya nuna in ya dubi kumfarsa. Ɗalibi zai san dalili, ya auna toka da baba, ya rubuta, yadda rinin bana zai zo daidai da na bara. Falke ya fi kowa sanin darajar wannan, gama mai saye a Agadas ba ya son a canja masa launi.

Amma da sharaɗi. Digirin da bai taɓa sa hannu cikin rijiyar Ƙofar Mata ba, takarda ce kawai. Wajibi ne jami'a ta aika ɗalibanta su durƙusa gaban marina da masaƙa da mabuga, kamar yadda almajiri ke durƙusawa gaban malaminsa, tun tsofaffin ba su tafi da abin da ke ƙirjinsu ba. Attajirai kuma su ba waɗanda suka gama jari, su sayi aikinsu, maimakon kai zanen gida ƙetare a bugo.

Saboda haka uban da ɗansa ya nemi wannan karatu, kada ya hana shi. Ya sa masa albarka, ya kuma haɗa shi da wani dattijon marini. Allah ya raya sana'a, ya suturta bayinsa. Haza wassalam.